Dangin Wake na Daji a Ƙasar Getso: Yadda Ake Bambance Makusanta

Dangin wake babban gida ne na tsirrai masu fure, wanda masana kimiyyar tsirrai ke kira Fabaceae ko Leguminosae. Ya ƙunshi nau'i kusan 19,500 a faɗin duniya, kuma shi ne na uku wajen yawa a cikin tsirrai masu fure. Wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya su ne 'ya'yan gidan da ake nomawa. Ɗorawa da tsamiya da gawo su ne manyan itatuwansa da manomi ke bari a gona. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, da kansu suke fitowa a saura da gefen gona da burtali da kan juji da bakin fadama. Wannan maƙala ta duba irin waɗannan na daji da ake samu a ƙasar Getso da kewayenta, da alamomin da ake bi a raba tsakanin waɗanda suka yi kama da juna.

Sanin bambancin yana da amfani na zahiri. A cikin jinsi guda akan sami wanda ake ci da wanda ke da dafi, ko wanda ke rina tufa da wanda ba ya ba da launi ko kaɗan. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, kuma a wannan dangi maganar ta shafi abincin gida da lafiyar dabba.

Wuri da lokaci

Getso gari ne a ƙaramar hukumar Gwarzo, a yammacin jihar Kano. Gwarzo na maƙwabtaka da ƙaramar hukumar Kabo, kuma ta yamma tana iyaka da jihar Katsina. Yankin yana cikin shiyyar dajin da masana ke kira sabanar Sudan, inda damina ke sauka wajen watan Mayu ko Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Mafi yawan ƙasar an nome ta, saboda haka tsirran daji sun koma zama a gefe-gefe: kan iyakar gonaki, hanyoyin shanu, maƙabartu, gindin duwatsu, da bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga. Kowane wuri da irin mazaunansa. Jigawa mai yashi ita ce gidan gadagi da filasko, juji da makwantar shanu na tafasa da rai-ɗore ne, fadama kuma ta zamarke ce.

Ƙananan tsirran sukan yi fure a Agusta da Satumba, su yi 'ya'ya da kaka. Lokacin da ya fi dacewa a tantance su shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ake samun fure da kwanso a jikin tsiro ɗaya. Da farkon damina, suna 'yan ƙanana, har gwani yakan yi kuskure.

Alamomin dangin

Babbar alama ita ce kwanso. Ɗan itacen kusan kowane ɗan wannan dangi kwanso ne mai ɗaki ɗaya, ƙwayoyi na jere a gefe guda, kuma galibi yana tsagewa gida biyu idan ya bushe, kamar na wake. Alama ta biyu ganye ne. A mafi yawansu ganye guda yakan kasu zuwa ƙananan fallaye da ke jere a jikin sanda ɗaya, kamar na tsamiya, ko fallaye uku kamar na wake. A gindin sandar akwai 'yan kunnuwa biyu, da wani ɗan kumburi wanda shi ke sa ganyen ya rufe da dare ya buɗe da safe. Da yawa daga cikinsu suna da ƙulle-ƙulle a saiwa, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zama suna kama sinadarin naitirojin daga iska, abin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Furen ya kasu siffa uku, kuma a kan haka aka daɗe ana raba dangin zuwa rassa uku. Siffa ta farko ita ce ta hudar wake: babban falle ɗaya a sama kamar tuta, biyu a gefe kamar fikafikai, biyu a ƙasa sun haɗe kamar kwale-kwale. Baba da majimfa da gadagi da biya rana duk haka furensu yake. Ta biyu fure ne buɗaɗɗe mai fallaye biyar a warwatse, irin na tafasa. Ta uku ƙananan furanni ne masu yawa da suka taru suka zama dunƙule kamar tuntun hula, ko zangarniya siririya, irin na bagaruwa da gawo. A shekarar 2017 ƙungiyar masanan wannan dangi ta duniya ta sake rabon zuwa rassa shida bisa binciken ƙwayoyin gado. Duk da haka, ga mai tafiya a daji, siffofin nan uku su ne mataki na farko.

Bayan fure, abubuwa huɗu ake dubawa: yawan fallayen ganye da siffar bakinsu, wurin da ɗan ƙullutu yake a sandar ganye idan akwai shi, irin gashin da ke jikin tsiron, da siffar kwanso. Kwanso ya fi sauran rashin yaudara.

Tafasa da 'yan uwanta

Tafasa, Senna obtusifolia, ita ce aka fi sani. Mata na tsinko ɗanyen ganyenta da damina su dafa su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko su shanya su ajiye don rani. Ganyenta na da fallaye shida, bibbiyu sau uku, kowane falle ya fi faɗi a wajen baki kuma bakin a zagaye yake. Tsakanin fallaye biyu na ƙasa akwai ɗan siririn ƙullutu. Kwansonta siriri ne, dogo, ya kan kai santimita 15 ko fiye, ya lanƙwasa kamar lauje, ƙwayoyinsa masu kusurwa ne da ƙyalli.

Rai-ɗore, Senna occidentalis, wanda ake kira sanga-sanga a ƙasar Sakkwato, yana fitowa wuri ɗaya da tafasa, furensa ma rawaya ne kamar nata. Bambancinsu a fili yake ga wanda ya san inda zai duba. Fallayen rai-ɗore sun fi yawa, galibi bibbiyu sau huɗu ko biyar, kuma bakinsu na da tsini kamar mashi. Ƙullutunsa baƙi-baƙi ne, yana can gindin sandar ganye kusa da kara, ba tsakanin fallaye ba. Karansa yakan yi ja-ja, kwansonsa kuma shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, tsakiyarsa ta fi gefensa duhu. Masu maganin gargajiya na amfani da ganyensa da saiwarsa, amma ɗanyar ƙwayarsa dafi ce. Tana lalata tsokar dabbobin da suka ci da yawa. A shekarar 2007 likitoci a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya sun wallafa binciken da ya danganta mutuwar ƙananan yara da cin ɗanyar ƙwayar wannan tsiro, wadda ke taɓa hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Wannan ya isa dalilin da zai sa a koya wa yara bambancin tun suna ƙanana.

Akwai wani ruɗani a littattafai game da sunan tafasa. Tsofaffin rubuce-rubuce na kiran ta Cassia tora. A 1958 masanin tsirrai J. P. M. Brenan na lambun Kew a Ingila ya nuna cewa nau'i biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya. Wadda ake kira Senna tora yanzu ta fi yawa a Asiya, tana da ƙullutu biyu, ɗaya a jeri na farko, ɗaya a na biyu, kuma tabon da ke gefen ƙwayarta faffaɗa ne. Tafasar da ta cika Afirka ta Yamma galibi ƙullutu ɗaya gare ta, tabon ƙwayarta kuma siriri ne kamar zare.

Filasko, Senna italica, gajere ne, yakan bazu kusa da ƙasa a wuri mai yashi. Fallayensa sun yi kama da na tafasa amma sun fi yawa, kuma babu ƙullutu irin nata. Kwansonsa ne ke tona shi: gajere, shimfiɗaɗɗe, lanƙwasasshe kamar ƙoda, da jerin tudu a tsakiya kamar zankon zakara. Ganyensa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, don haka wanda ya haɗa shi da tafasa a tukunya zai ga sakamakon. Runhu, Senna singueana, ƙaramin itace ne da ke cika da fure rawaya a cikin rani, yana da ƙullutu tsakanin kusan kowane jeri na fallayensa.

Ƙananan 'yan uwa uku sun rage. Fidili, Chamaecrista absus, fallaye huɗu kacal gare shi, jikinsa na da gashi mai danƙo, ƙwayarsa baƙa ce mai sheƙi. Bagaruwar ƙasa, Chamaecrista mimosoides, tana da 'yan mitsi-mitsin fallaye masu ɗimbin yawa kamar gashin tsuntsu. Gewaya tsamiya, Chamaecrista nigricans, a miƙe take tsayawa, ganyenta na jere a gefe biyu na kara, kuma yakan yi baƙi idan ya bushe. Su ukun da su tafasa duk a da ana lissafa su a jinsin Cassia, har 1982 da masana biyu na Amurka, Howard Irwin da Rupert Barneby, suka raba shi uku: Cassia da Senna da Chamaecrista. Rabon ya dace da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, domin su fidili na da ƙulle-ƙullen saiwa, tafasa da rai-ɗore kuwa ba su da shi. Ke nan yawan tafasa a saura alama ce ta taki da dabbobi suka bari, ba ita ce ke kawo naitirojin ba.

Baba da majimfa

Jinsin Indigofera na da nau'i fiye da 700 a duniya, kuma da yawa daga cikinsu na fitowa a ƙasar Hausa, amma kaɗan ne ke rini. Furensu ƙanana ne, ja ko ruwan hoda, jere a zangarniya da ke fitowa daga hammatar ganye. Alamar da ta keɓanta da jinsin sai da gilashin ƙara girma ake ganinta: gashin ganyen a kwance yake, yana manne ta tsakiyarsa, bakinsa biyu.

Baban rini, wanda marina ke haɗawa da toka da katsi a karofi, ya fito ne daga nau'i biyu zuwa uku, kuma kwanso ke raba su. Na Indigofera arrecta gajere ne, miƙaƙƙe, bai kai santimita 2 ba, yana kallon ƙasa. Na Indigofera tinctoria ya fi tsawo, ya kan kai santimita 3, da 'yar lanƙwasa kaɗan da ƙwayoyi masu yawa. Na Indigofera suffruticosa, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, gajere ne mai ƙarfin lanƙwasa kamar ƙaramin lauje. Da waɗannan aka gina sunan Kano a sana'ar rini, daga karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zuwa na garin Kura. Talaki, Philenoptera cyanescens, shi ma yana ba da shuɗi, amma shi mai hawa ne, mai manyan fallaye, kuma ya fi son ƙasashen kudu masu ruwa.

Na daji da ba sa rini sun haɗa da ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, Indigofera astragalina, mai farin gashi a miƙe da kwansaye gajeru masu gashi da suka cunkushe suna kallon ƙasa. Ɗan uwansa na kusa, Indigofera hirsuta, gashinsa ya fi yin ruwan ƙasa, sandar furensa kuma ta fi tsawo. Baƙin bunu, Indigofera pulchra, tsayayye ne mai ƙarfin kara, furensa a dunƙule a ƙarshen rassa.

Jinsin Tephrosia shi aka fi rikitawa da baba, domin ganyensu da tsayinsu sun yi kama. Gwajin mai sauƙi ne. A riƙe falle ɗaya a ja bakinsa har ya tsinke. Na Tephrosia yakan tsinke ya bar gurbi mai kusurwa kamar bakin kibiya, saboda jijiyoyinsa masu yawa a jere suke, a karkace, har gefen falle. Na baba ba ya tsinkewa haka. Bayan wannan, kwanson Tephrosia shimfiɗaɗɗe ne, bayan babban fallen furensa kuma na da gashi mai santsi. Majimfa, Tephrosia vogelii, ita ce babbarsu: takan fi mutum tsawo, jikinta duk gashi mai laushi, furenta babba ne fari ko shanshanbale, kwansonta ya kan kai santimita 10 zuwa 15. Ganyenta na ɗauke da sinadarai dangin rotenon, shi ya sa masunta suka daɗe suna daka shi su zuba a ruwa don bugar da kifi, kuma ana amfani da shi wajen kashe ƙwari. Maraguwa, Tephrosia purpurea, ƙarama ce mai ɗan fure ja-ja da siririn kwanso mai 'yar lanƙwasa a baki.

Biya rana da gyaɗar awaki

Waɗannan sunaye biyu sun rufe nau'o'i da dama na jinsin Crotalaria, wanda ke da nau'i kusan 700, mafi yawansu a Afirka da Madagaska. Ba shi da wuyar ganewa idan ya yi 'ya'ya: kwanson a kumbure yake kamar an hura masa iska, idan ya bushe ƙwayoyin na kaɗawa a ciki kamar caki. Furen galibi rawaya ne, wani da ratsin ja, kuma kwale-kwalensa na ƙarewa da baki mai tsini. A cikin jinsin, ganye ake fara dubawa. Crotalaria retusa falle ɗaya gare ta, mai faɗi a sama da ɗan tsagu a baki, furenta babba, kwansonta ba gashi. Crotalaria goreensis fallaye uku gare ta, da manyan kunnuwa masu siffar lauje a gindin ganye, kwansonta gajere mai gashi.

Bambancin ya shafi makiyaya kai tsaye. Awaki na cin wasu nau'o'in ba tare da wata illa ba, daga nan ma sunan gyaɗar awaki ya samo asali. Amma Crotalaria retusa na ɗauke da dafin da ake kira monokrotalin, wanda ke cin hanta a hankali, musamman ta dawaki, kuma ƙwayarta ta fi ganyen haɗari. Sunan Hausa kaɗai bai isa hujjar sakin dabba a kanta ba.

Gadagi da masu kwanso gaɓa-gaɓa

Akwai rukunin da kwansonsa ba ya tsagewa gida biyu, sai dai ya kakkarye gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya. Gadagi shi ne sarkinsu a wajen masu dawaki da masu kiwon tumaki, ana yankan sa da kaka a shanya a ɗaure kamar harawa. Jinsinsa Alysicarpus ne: falle ɗaya, kunnuwa busassu kamar takarda da suka rungume kara, ɗan fure ja-ja. Alysicarpus ovalifolius, wanda ya fi yawa a jigawa, shekara ɗaya yake yi, furanninsa a warwatse suke a jikin sanda, kwansonsa kusan mulmulalle ne ba tare da matsewa tsakanin gaɓoɓi ba. Alysicarpus vaginalis yakan wuce shekara, ya shimfiɗa a ƙasa, furanninsa a cunkushe. Alysicarpus rugosus ya fi son ƙasa mai laka, kwansonsa gajere ne da ya kusa ɓuya a cikin kofin fure, gaɓoɓinsa na da tamoji a gicciye.

Sabulun kuyangi, Zornia glochidiata, na fitowa tare da gadagi, amma fallaye biyu gare shi a kan sanda ɗaya, gaɓoɓin kwansonsa kuma na da 'yan ƙayoyi masu ƙugiya. Abincin dabba ne mai kyau idan ya bushe, sai dai ɗanyensa na farkon damina yana kumbura cikin shanu idan suka cika shi. Ɗan kaɗafi, daga jinsin Desmodium, shi ne wanda gaɓoɓin kwansonsa ke manne wa riga da gashin tumaki. A fadama kuma, zamarke, wato jinsin Sesbania, yana tsayawa kusa da jinsin Aeschynomene, dukansu da dogon ganye mai ƙananan fallaye. Kwanson zamarke dogo ne siriri kamar tsinke, ba ya kakkaryewa. Na ɗayan gajere ne shimfiɗaɗɗe mai gaɓoɓi.

Masu yaɗo

Waken gizo shi ne waken daji, nau'insu ɗaya da waken gona, Vigna unguiculata. Ganye da fure ba sa raba su sosai. Kwanson na daji ƙarami ne, yakan yi duhu, da ya bushe sai ya fashe ya murɗe ya watsar da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu tauri. Yana barbara da waken gona idan suna kusa, saboda haka mai ajiye iri yakan cire shi daga gefen gona. Masu binciken wake kuwa, irin na tashar Kano ta cibiyar IITA da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, suna daraja dangin wake na daji a matsayin taskar halayen gado. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita.

Idon zakara, Abrus precatorius, siririn mai hawa ne da ganye irin na tsamiya. Kwansayensa a dunƙule suke, idan sun tsage sai ƙwayoyi su bayyana, jajaye wur da baƙin tabo a gefe ɗaya. Ƙwayar na ɗauke da abrin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi a duniyar tsirrai, kuma haɗarin yana tashi ne idan an tauna ko an fasa ta. Minjirya, Erythrina senegalensis, ita ma jan ƙwaya gare ta, har akan kira ta da sunan idon zakara, amma babu baƙin tabon. Ita itaciya ce mai ƙaya da fallaye uku da jan fure na rani, ana dasa ta a shinge. Karara, Mucuna pruriens, ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa gogar kwansonta mai gashin ƙaiƙayi.

Kalgo da itatuwan ƙaya

Sunan kalgo ya haɗa nau'i biyu masu ganye mai tsagu kamar kofaton raƙumi. Piliostigma reticulatum, wanda ya fi yawa a busasshiyar arewa, ganyensa ƙarami ne, ba gashi, launinsa na ɗaukar toka-toka. Piliostigma thonningii ganyensa ya fi girma, bayansa na da gashi mai launin tsatsa, ɗanyen kwansonsa ma haka, kuma ya fi yawa ta kudu inda ruwa ya fi sauka. Jirga ko tsattsagi, Bauhinia rufescens, ganyenta ɗan mitsitsi ne mai zurfin tsagu, kwansonta baƙi murɗaɗɗe.

Itatuwan ƙaya da aka daɗe ana kira Acacia an raba su, kuma babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbon ta Ostareliya a 2011 ya tabbatar da barin sunan ga na Ostareliya. Na Afirka suka koma Vachellia da Senegalia. Ƙaya ce ke raba su. Vachellia na da ƙaya bibbiyu a gindin ganye, galibi miƙaƙƙu, da fure dunƙulalle. A ciki akwai bagaruwa, mai fure rawaya da kwanson da majema ke jima da shi, da farar ƙaya, mai fure fari-fari da kwanso mai kauri kamar itace, da dushe, mai ɓawo ja ko fari da ke barin gari a hannu. Senegalia na da gajerun ƙayoyi masu ƙugiya da fure zangarniya. Daƙwara, mai ba da ƙaro, ƙayarta uku-uku ce, ta tsakiya na kallon ƙasa, biyun gefe na kallon sama. Kumbar shaho ƙayarta bibbiyu ce, sarƙaƙiya kuma tata a warwatse take ko'ina a jikin reshe. Gawo, Faidherbia albida, shi kaɗai ne a jinsinsa, kuma shi ne ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Ɗunɗu, Dichrostachys cinerea, furensa na reto da launi biyu, sama ruwan hoda, ƙasa rawaya.

Waɗanda ba 'yan gidan ba ne

Wasu tsirrai na kama da dangin wake alhali ba su da alaƙa da shi. Zogale na da dogon kwanso, amma mai gefe uku ne kuma gida uku yake tsagewa. Tsidau na da jerin fallaye da fure rawaya, amma ɗansa dunƙule ne mai ƙaya. Gasaya na da siririn kwanso, sai dai furenta fallaye huɗu gare shi. Geron tsuntsaye kamar mai jerin fallaye yake, amma kowane ɗaya cikakken ganye ne, da 'yan ƙananan 'ya'ya a jere a ƙarƙashin reshe.

Sunaye da hanyar tabbatarwa

Sunayen Hausa sun fi bin amfani da kamanni, shi ya sa suna ɗaya kan rufe nau'i biyu ko biyar, nau'i ɗaya kuma ya sami suna daban a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Likita ɗan ƙasar Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan sunaye a littafin ƙamus na tsirran Hausa da ya fitar a 1916. Shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, wanda aka sake bita daga baya, kuma har yau ana komawa gare shi wajen tantance tsirran yankin. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma ya adana sunaye masu yawa. Dukan waɗannan daga bakin manoma da makiyaya da maharba da marina da masu magani aka ɗauko su, kuma a wurinsu asalin ilimin yake.

Wanda ya ci karo da tsiron da ya shige masa duhu, ya yanko reshe mai ganye da fure da kwanso, ya shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, ya danne da abu mai nauyi, yana sauya takardar har ya bushe. Ya rubuta ranar da wurin da irin ƙasar, da launin furen tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin ke kiran sa. Ana iya kai irin wannan samfur ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Bayero a Kano, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa a Ibadan, a gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance. Hoton waya na taimakawa idan ya nuna gindin ganye da bayansa da kwanso, amma hoton fure kaɗai ba ya raba tafasa da rai-ɗore.

Yayin da saura ke ƙarewa, maganin feshi kuma ke share gefen gonaki, yaran da suka san waɗannan tsirrai da sunayensu na raguwa. Ya kamata malaman makarantu da iyaye a Getso da Gwarzo da Kabo su riƙa fita da yara da kaka, su nuna musu ganye da kwanso a hannu, tun dattawan da suka san su suna raye. Ƙa'idar da za a fara koya musu ita ce: tsiron da ba a ga kwansonsa ba, ba a tabbatar da shi ba, kuma wanda ba a tabbatar ba kada a ci shi, kada a ba dabba.